Rijiyar Gidan Gado

A wani zaman gaisuwar rasuwa a Hunkuyi, wani babban mutum ɗan yankin ya iso da jerin motoci. Da aka shafa fatiha sai ya shiga yi wa jama'a albishir, wai za a tada kamfanoni, za a ɗebi matasa aiki.

A gefen tabarma akwai wani dattijo da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa a Kakuri, tun zamanin da jiniya ke tada unguwa, kekunan ma'aikata su cika titi maƙil. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta Arewa da UNTL suka bi sahu. Ciyawa ta cinye harabobi, masu tuwo-tuwo na bakin ƙofa suka watse, ƙwararrun masaƙa suka koma acaɓa, wasu suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Shi kuwa ya tattaro ya dawo gida ya kama lambu.

Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, in ka yarda in ba ka labarin wani gida a ƙauyenmu."

"Bismillah, Baba."

"Kakansu ne ya haƙa rijiya a tsakar gida, ruwa garai-garai, har maƙwabta na ɗiba. Da ya kwanta dama, jikoki suka gaje ta. Kowa na ja, amma ba mai shiga ya yashe ta. Yau guga ya faɗa, gobe ƙasa ta zabtare, har ruwa ya ɗauke. Sai suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Babban wansu yana birni, Allah Ya buɗa masa. Duk sa'ad da yake neman wani abu wurin dangi, sai ya zo da sabon guga da igiya, a tara mutane bakin rijiya, maroƙa su yi ta kirari. Ya juya ya tafi, matan gidan su ɗauki bokiti su fita neman ruwa."

Wuri ya yi tsit, don kowa ya san rijiyar da yake nufi, wato kamfanonin yankin da aka bari suka durƙushe. A 1981, zamanin Gwamna Balarabe Musa, aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara domin manoman wannan yanki. Ya yi fiye da shekara 20 a kwance. A 2014 aka farfaɗo da shi da haɗin gwiwar 'yan kasuwa, sai ga tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a 2016, manomi ya tashi hannu rabbana. Abin takaici shi ne, ƙasar nan ba ta taɓa yi mana rowa ba. Raken Makarfi da Kudan ana lodinsa a manyan motoci zuwa ko'ina, saura a dafa mazarƙwaila, alhali kamfanin sukarin Makarfi ya daɗe da yin shiru. A shagunan garuruwan nan kuwa, tumatirin leda da na gwangwani ake sayarwa, wanda galibi daga Sin ake shigo da markaɗensa.

Alhaji ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Baba, na ji. Me kake so a yi?"

"Ni ba ni da abin so, ɗana, shekaruna sun ja. Amma ka dawo da rani, lokacin da tumatir ya nuna gaba ɗaya, kuɗin kwando bai kai kuɗin mota ba. Ka zo kai kaɗai, ban da maroƙa. Ka bi hanyar Ikara a hankali, ka ga mata da yara suna yanka shi suna shanya a ƙasa don ya zama kauɗa, ƙura na zuba a kai. Ka sauka ka tambaye su nawa suka kashe a taki da man injin ban-ruwa."