Baƙuwa Ta Zo, Littafi Ya Samu Beli

Wata sakandaren 'yan mata a yankin Zakirai ta gayyaci marubuciyar littattafan soyayya daga Kano. Aka share fili, aka yayyafa ruwa, aka aro kujerun roba. Can aka tuna ya kamata a jera littattafanta a kan teburi. A laburare babu ko ɗaya. Ashe suna kabad ɗin malamin ladabtarwa, suna zaman waƙafi tun zangon farko. Aka ba su belin yini guda.

Ci gaba ke nan. A 2007, irin waɗannan littattafai wuta aka cinna musu a Kano. Yanzu kuwa har lemo ake ajiyewa kusa da su.

Bayan jawabai, 'yan mata suka yi ta ruwan tambayoyi, alhali a hukumance babu wadda ta taɓa buɗe ko bango. Mafi zafi daga bakin malamin ladabtarwa ta fito:

"Hajiya, yaushe na uku zai shigo kasuwa?"

Wai don bincike ne.

Da la'asar baƙuwa ta kama hanyar Kano. Littattafai suka koma kabad, ban da na biyu. Har yau yana gidan Malam, ana kan bincike.