Yadda Ake Zama da Daɓen Katako a Ingila Ba Tare da An Haukace Ba

Wannan shawara ta waɗanda karatu ko aure ko neman abinci ya jefa su cikin tsofaffin gidajen Ingila ce, irin jerarrun gidajen jan bulo na Landan da Manchester, da aka gina tun kafin Sarauniya Biktoriya ta rasu a 1901. Kai da ke taka siminti ko tayil a Kano, gode wa Allah ka buɗe shafi na gaba.

Na ɗaya, a daina zargin aljanu. Ƙarar da ake ji cikin dare katako ne ke motsi. Ka san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina ta ƙi rufuwa, da hunturu kuma ta tsuke har ka hango tsakar gida ta gefenta? To ita ce aka kwantar maka a ƙasa, fallen-fallen, aka kafe da ƙusa a kan manyan katakai. Ana kunna hita iskar ɗaki ta bushe, kowane falle ya tsuke ta faɗinsa, tsayinsa kuwa yana nan yadda yake. In a hawan ƙasa kake, ƙarƙashinsa kuma rami ne, da bulo mai huji-huji a jikin bango domin iska ta riƙa ratsawa. Wato kuɗin gas ɗinka ne ke buɗe wa sanyi hanya.

Na biyu, haddace ɗakinka. A watan Yuni asuba na yi wajen ƙarfe uku na dare, kuma tsakanin gado da banɗaki akwai falle guda da ya rantse sai ya sanar da unguwa cewa za ka yi alwala. Bi ta jikin bango, a kan yatsu, kana riƙe numfashi. Zai yi kuka duk da haka. Da safe, in a bene kake, sai ka tarar da 'yar takarda a ƙarƙashin ƙofa daga maƙwabciyar da ke ƙasa, ta fara da ba ka haƙuri, ta rufe da godiya, a tsakiya kuwa ta wanke ka tas. Wallahi gara ta hawo ta zage ni ido da ido, mu ba juna haƙuri a wuce wurin. Ya ake amsa faɗan da aka sa wa hannu da fatan alheri? Ana cewa a barbaɗa hoda a tsagar, ƙarar za ta lafa. Takan lafa, zuwa Juma'a.

Na uku, cusa. Wasu na kwaɓa dusar katako da gam, wasu jiƙaƙƙiyar jarida, wasu su tura igiya ko siririn katako. Duk na ji. Ka cusa da sanyi lokacin da tsagar ta yi baki, zafi na zuwa katako ya kumbura ya tofar da aikinka. Ka cusa da zafi, sanyi na zuwa ta sake wangalewa a gefen cusar. Kafin nan tsagar gidana ta haɗiye sulalla, da layin wayar gida, da ɗan kunnen uwargida na zinari, wanda har yau in an taɓa maganar sai ta ce, “Malam, ai kai ka zaɓi gidan.” Muna hango shi da tocila, yana ƙyalli a cikin ƙura, ba damar ɗauka. Sujada kuwa, goshi na taɓa sallaya iska mai ƙanƙara za ta taso ta ƙasa ta shige maka hanci, tasbihi uku su gagare ka da natsuwa.

Na huɗu, ko na biyar ne, oho. Kafinta zai ce a cire tsohuwar ƙusa a ɗaura sukuru, kuma gaskiyarsa, sukuru ya fi riƙo. Sai dai bututun ruwan hita da wayoyin lantarki a ƙarƙashin katakon nan suke bi, daidai inda hannunka ke ƙaiƙayin hudawa. Huda guda, ruwa ya sauka a silin ɗin mai takarda, kuɗin ajiyarka na hayar mako biyar ya tafi ke nan. Ka kira mai gidan, ya zo ya taka fallen sau ɗaya, ya yi murmushi ya ce ai wannan shi ne adon tsohon gida. Ado! Shekara fiye da ɗari gini na nishi, ana karɓar haya kowane wata, a ce mini ado?

Kada kuma haushi ya sa ka toshe bulon nan mai huji da tsumma. Danshi zai taru a ramin, katakai su ruɓe, wata rana ƙafarka ta zurma har gwiwa.

Saura kafet mai kauri da safa biyu. Kai kuma da ke shirin tahowa, ranar duba gida cire takalminka, ka taka kowane lungu, ka durƙusa ka kara tafin hannu a tsaga, kafin ka sa hannu a takardar haya.