Bazazzagiya Ta Shigo Kano da Tef ɗin Awo

Ke Bazazzagiya, labari ya iso mini wai kin gama bautar ƙasa, kin samu aiki a wani kamfanin ƙawata ɗakuna, kuma ba a ko'ina ba sai a Kano. To barka da zuwa gidan iyayen gijinki. Dama mun sani, duk karatun da za ku yi a Samaru, ranar da ciki ya yi ƙugi Kwangila za ku nufa ku hau motar garinmu.

An ce kin zo da kwamfuta cike da ɗakuna. Na ga guda ɗaya: farar kujera, farin labule, tukunyar fulawa a lungu, sauran kuwa fili fetal, wai haka ake yayi a Turai. Ya yi kyau ƙwarai, tunda babu mai zama a ciki. A manhajar zane ta SketchUp ai ba a hunturu. Ki bari Disamba ta kama, ƙura ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, yara su dawo daga Islamiyya hannu duk man awara, sai ki zo ki ba ni labarin farar kujera.

Alhajin da za a fara tura ki wajensa zai kalli wannan fili naki ya ce, "To ina kayan?" A wurinsa falon da babu kaya alamar karayar arziki ce. Kujerun Turkiyya yake so masu ruwan gwal, da silin fiyofi hawa uku mai fitilu kala-kala, irin na gidan abokinsa, amma nasa ya ɗara.

Wannan ma mai sauƙi ne. Malamanku sun koya miki haɗa launi da sarrafa haske, amma na tabbata ba a yi muku jarrabawa kan gida mai mata biyu ba. Sashen uwargida da na amarya, kuɗi ɗaya, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya. Kika yi musu launi iri ɗaya, kowacce za ta ce an mai da ta 'yar kwaikwayo. Kika bambanta, kowacce za ta rantse na waccan ya fi tsada. Uwargida ba za ta ce miki uffan ba, za ta ma kawo miki zoɓo mai sanyi, sannan ta aiki yarinya ta je ta ƙirgo mata ninkin labulen amarya. Alhaji kuwa a ranar zai tuna yana da tafiya Abuja, ya bar ki da su.

Ɗakin sabuwar amarya ma kada ki sa rai naki ne. Kayan ɗaki iyayenta ne suka saya, 'yan jere kuma gwaggonni ne da innoni, waɗanda suke wannan aiki tun kafin a buɗe jami'arku ta Samaru a 1962. Su ne suka jera fanteka da kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, babu wanda ya karkace, babu tef babu takarda. Kin zana gado a gabas, Gwaggo za ta ce, "Yarinya matsa," ta sa a juya shi, kuma haka zai zauna.

Sai masu aikin hannu. Ke milimita kika iya, kafinta inci da ƙafa ya sani, mai labule yadi, mai fiyofi kuma in daga Kwatano ya zo sai kun haɗa da nuni da hannu. Idan kafinta ya ce miki "an gama, saura fenti," ki je da ƙafarki ki gani, wataƙila katakon yana kasuwa bai ma san an yi cinikinsa ba. Ki auna ƙofa kafin ki sa a haɗa kujera mai cin mutum uku, don ba a Kano za a fasa bango saboda digirinki ba. Ƙiyasin kuɗi kuma ki rubuta masa ranar da zai daina aiki. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin tayil ɗin da kika ji a Ƙofar Ruwa ran Litinin ba lallai ya kai Alhamis ba, Alhaji kuwa tsohuwar takardarki zai zaro daga aljihu.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko da tana yi mini ɗaci: kuna da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 200 ke nan, da ƙasa da azara, ya ɗaga bakan gizo ya yi ɗaurin guga, ya ƙawata ginshiƙai da zane. Ina zargin ba ki taɓa shiga kin ɗaga kai ba, kina can kina kwafo ɗakunan Suwidin. Tunda kin bar na gida, ki leƙa Gidan Makama ranar Asabar, mu ma muna da abin nunawa, ki ga yadda kaurin bango ke riƙe sanyi ba tare da an jira wuta ba.

Kina da sa'a ɗaya da abokan aikinki maza ba su da ita. Su a zaure za su tsaya suna jiran a yi musu iso, ke kuwa har ƙuryar ɗaki za ki shige, ki ga inda ake ajiye akwatuna da inda ake shimfiɗa darduma, ki ji abin da matar gida take so daga bakinta.

Ranar da za ki fara shiga Kantin Kwari neman yadin labule, ki kira ni in haɗa ki da yaro. An sha tsintar Zage-zagi suna zagaya layi ɗaya tun hantsi har la'asar, suna tambayar hanyar fita.