Rabe-raben 'Yan GTA a Paraku da Jugu

Wasan GTA San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004, tafiya biyu ya haɗa: labarin Carl Johnson da ya komo Los Santos bayan kisan mahaifiyarsa, da kuma sakakken gari inda kowa ke cin karensa ba babbaka. A shagunan gem na Paraku da Jugu, inda ake biyan sefa gwargwadon lokaci, biyun nan ba sa ga maciji, kuma a kansu 'yan wasa suka rarrabu.

Na farko shi ne Malam Labari. Ba ya tsallake ko ɗan fim ɗaya da ke zuwa kafin aiki. Yakan ajiye hannun gem a cinya ya shiga yi wa jama'a fassara da Dendi da Hausa, alhali Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kuɗinsa kan ƙare Carl bai taka ƙofar gida ba.

Kishiyarsa Sarkin Ɓarna bai san Carl yana da uwa ba. Burinsa taurari shida, wato matakin da soja ke fitowa da tankar yaƙi. Shekara guda yana wasa, labari na nan inda ya same shi.

Mai Laƙani na yawo da takardar lambobin sirri a ninke kamar laya. Ya danna HESOYAM a kwamfuta, lafiya ta dawo, dala 250,000 ta faɗo, sannan ya ranci kuɗin zemijan, wato acaɓa, zuwa kasuwar Arzeke.

Shi kuwa Ɗan Zemijan, direba ne mai mutunci. Yana tsayawa a jar danja a garin da ake harbi da rana tsaka, ya wuni yana ɗaukar fasinja a tasi. Aiki ɗaya ke tayar masa da hankali, wanda ake bin jirgin ƙasa a kan babur, abokin Carl, Big Smoke, na baya yana harbi. In aka faɗi, laifin fasinja ne. A Paraku, inda dogon Kwatano ya tuƙe, wannan hujja tana samun magoya baya.

Akwai kuma Koci, ba shi da ko dala, amma kowace kwana ya san yadda ya kamata a sha ta.

A GTA V na 2013 Rockstar ya raba gardama da jarumai uku: Michael mai rikicin iyali, Franklin mai neman na kansa, da Trevor wanda haukarsa na cikin labarin. Sarkin Ɓarna dai Trevor ya ɗauka, kuma har yanzu tsallake fim ɗin yake yi.