Ni da Zaki a Zauren Gwanjo

Uwar kayan gwanjo a Togo tana Lome, a kasuwar Hedzranawoe, inda ake fasa dilolin da jiragen ruwa ke saukewa. Kafin kaya su kamo babbar hanyar arewa, su ratsa Sokode da Kara su iso mana Gando, an tsince na kirki tun a can. Rabonmu wando mai aljihu ɗaya da rigar ƙwallo ta ƙungiyar da ba wanda ya taɓa jin sunanta. Shi ya sa ranar da aka jefa ni zauren WhatsApp na wani ɗan gwanjo mai fasa dila yana ɗora hotuna ana tayawa, na ce kakata ta yanke saƙa.

Ƙa'idarsa ba wuya: wanda tayinsa ya fi yawa kafin tara na dare shi ke da kaya, ya biya ta Flooz. Ran nan ya ɗora wata kwat ta ulu, ruwan ƙasa, mai manyan maɓallai, ya rantse ɗinkin Ingila ce na shekarun 1970. Farawa jaka uku. Ga hunturu ya kunno kai, ni kuma da babur nake sammako zuwa Mango.

Sabis a unguwarmu yana da lokacin barcinsa. Don haka na kira ƙanena da ke aiki a wani shago a Sokode, na ce in ya ga na yi shiru ya taya mini. Ya ce, "An gama, Yaya."

Ina taya uku da rabi, sabis ya ɗauke. Na hau turmi na ɗaga waya sama, shiru. Sai na karɓi wayar uwargida, wadda layinta na wani kamfani ne, na sa aka shigar da lambarta zauren. Ina shiga na tarar da wata baƙuwar lamba mai hoton zaki ta ce biyar. Na ce shida. Zaki ya ce bakwai. Na gyara zama. Da muka haura goma, sauran mutanen zauren suka ajiye ciniki suka koma 'yan kallo, ɗan gwanjo kuwa sai turo murya yake yana sa mana albarka, rabi da Hausa rabi da Faransanci. A jaka goma sha takwas zaki ya sare. Na kwanta ina jin kaina kamar wanda ya lashe kokawar Evala.

Da asuba ƙanena ya kira, murya a sanyaye. "Yaya, ka yi haƙuri. Da wayar shago na yi ta fafatawa, har sha bakwai na kai, amma wani mahaukaci ya ƙi bari. Wallahi da gani kuɗin sata ne da shi."

Na ce, "Wayar shagon naku, hoton me ke kanta?"

"Zaki. Me ya faru?"

Na ce ya gaida maigidansa.

Direban da aka ba saƙon ya manta ya sauke shi a Mango, ya wuce da shi Dapaong, ƙunshin ya yi ta zaman tasha. Ya iso hannuna cikin Maris, lokacin da ko kaza ba ta fita rana. Duk da haka na saka, na nufi wajen tela a rage hannu, gumi na bin ƙafata. Ya juya ta, ya dubi maɓallan, ya dube ni.

"Malam, na maza a dama suke. Waɗannan a hagu. Ta hajiya ce?"

Labari ya riga ni isa gida. Uwargida ta ce tunda da lambarta aka ci, kuma ta mata ce, ba sai an je gaban alƙali ba. Yanzu da ita take lulluɓe tukunyar waken sayarwa don kada ta huce. Ƙanena kuma har yau yana bina jaka ɗaya, kuɗin datar da ya ƙona a kan mahaukaci.