Zuwa ga Ɗan Akwatin da ke Zama a Gurbin Haruffanmu

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan abin da ka yi min ranar da nake buga katin bikin ƙanwata. Na rubuta “ɗaurin aure”, sai ga ka tsugune a gurbin ɗ, fari fat, kusurwa huɗu, babu ko sallama. Na duba ƙasa, ka cinye ƙ ɗin “ƙarfe goma”, ka haɗa da ɓ ɗin “ɓangaren ango”.

Yaron shagon buga katin ya ce, “Yaya, cire ƙugiyar kawai, kowa zai gane.” Na gwada, “muna maraba da baƙi” ya koma “muna maraba da baki”. Gaskiya ne bakuna ke cinye shinkafar biki, amma ba a faɗa wa surukai haka a kati.

To, asirinka ya tonu. Ashe ba ka cin komai, tsaron gurbi kawai kake yi. Harafin na nan da ransa a cikin kwamfuta, don Unicode ta ba ƙ lambarta, U+0199, ta ba ɗ U+0257. Salon haruffan da manhajar rubutun ke amfani da shi ne ba a zana masa su ba, sai ya turo ka ka rufa masa asiri. Ina shiga saiti, na sauya salon zuwa Noto Sans, ka ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Charis SIL ma korarka yake yi. Har na ji Turawa na kiranka tofu, wato awara, kuma sunan Noto ma daga “babu tofu” aka ciro shi. Ka ga har awara ka ja wa baƙin jini.

Ka gaishe min da ɗan'uwanka mai mayar da ƙ ta zama Æ™. Shi sauya salo ba ya kama shi, sai an sake buɗe fayil ɗin da tsarin UTF-8.

Ƙugiyoyin nan tun shekarun 1930 suke cikin bokonmu, ba za mu yanke su don ka samu wurin zama ba. An ɗaura aure lafiya, baƙi sun zo, kowa da bakinsa.

Naka, wanda bai yi kewarka ba,
Yayan amarya