A Yaba wa Gwana: Tashar Gbazango

Mu dai 'yan ƙasar nan ba mu iya godiya ba. A gina mana asibiti mu ce ina magani, a kafa mana turakun lantarki mu ce ina wuta, a yi mana famfo mu tsaya muna murɗa shi wai sai ya zubo da ruwa. Wannan hali ne ya sa har yau ba a sami wanda ya tsaya ya jinjina wa wata baiwar Allah da ke zaune a gefen Kubwa ba, wato tashar jirgin ƙasa ta Gbazango, inda layin da ya taso daga Idu ya tuƙe. To ni zan biya wa jama'a wannan bashi. Gaishe ki Gbazango, mai ƙofa ba baƙo, mai dandamali ba turereniya, uwar masu haƙuri!

Kowa ya san asali shi ne mutum, kuma tashar nan 'yar dangi ce. Tun 1976 Janar Murtala ya ce a tashi daga Legas a koma tsakiyar ƙasa. Masu zana taswirar sabon birni suka miƙa aikinsu a 1979, har da filayen da suka ware domin jigilar jama'a mai yawa. A Disambar 1991 gwamnati ta tare. Manya suka sauka Maitama da Asokoro, ƙananan ma'aikata kuma, masinja da akawu da direba da malamar asibiti, aka nuna musu hanyar Kubwa, garin da aka tsugunar da Gbagyin da birni ya ci gonakinsu. Tun ranar kowa ya gane cewa an gina birnin da masu yi masa hidima ba sa kwana cikinsa, dole kullum a kwaso su da safe a mayar da su da yamma. Da wasu masu garaje ne, da tuni sun shimfiɗa dogo a lokacin. Mu kuwa masu natsuwa ne. Sai da aka yi shekara 16 ana nazari, sannan a 2007, Obasanjo na tattara kayansa, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangila.

Daga nan fa aka shiga aiki ba kama hannun yaro. Kilomita 45 ne kacal da tasha 12, amma saboda tsabar ƙwarewa aka ɗauki shekara 11 ana yi. Mai lissafi ya raba ya gani: kilomita huɗu ke nan a shekara, tafiyar da tsoho mai sanda zai yi tsakanin la'asar da magariba. 'Yar'aduwa ya zo ya tafi, Jonathan ya zo ya tafi, aiki na nan yana nuna, domin Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Ragowar karin maganar ba sai na ƙarasa ba. Kuɗi ma ba a yi rowa ba. Sama da dala miliyan 800 aka kashe, wato wajen dala miliyan 18 ga kowace kilomita, kuma miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na Sin. Wanda ya ce an yi mana aikin araha, Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Ranar 12 ga Yulin 2018 Shugaba Buhari ya yanke kyalle, ya shiga tarago, aka kai shi filin jirgin sama. Aka buga a jaridu cewa Afirka ta Yamma ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma gaskiya ne, ba ta taɓa gani ba. Cikin tasha 12, uku aka buɗe wa fasinja: ta tsakiyar gari, ta Idu, da ta filin jirgin sama. A nan ne hikimar shugabanni ta fito fili. Sun duba sun ga babbar damuwar talakan Abuja ita ce kada jirgin Dubai ya tashi ya bar shi, sai suka fara share masa wannan hawayen. Mai zuwa ofis daga Kubwa ai ba gaggawa yake ba, tun 1991 yake zuwa, ya saba.

Gbazango tana cikin taran da aka ƙaddamar ba tare da an ɗora musu nauyin kowa ba. Kuma don kada wani ya je ya dame su, yawancinsu ba a yi musu hanyar mota ta kirki ba. Wannan fasaha ce da ya kamata a riƙa koyarwa a jami'a: ka gina tasha, ka yi mata rufi da dandamali, ka kafa allo mai sunanta, sannan ka bar ta yadda sai mai niyya ƙwarai zai isa gare ta. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya ya san kwanukan jere. Su ne mafi tsada a ɗakin, uwa ta ci bashi ta saye su, ana goge su ranar da baƙi za su zo, amma ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Wa ya taɓa jin an zagi kwanon jere don ba a ci a cikinsa? Darajarsa ke nan. Haka Gbazango ta zauna da mutuncinta, ciyawa na tsiro a gefen dogo da damina, tana bushewa da rani, ƙadangaru na shan hantsi a dandamali ba mai ce musu su matsa. A wancan lokacin babu fasinjan da ya taɓa makara ta dalilinta. Babu wanda aka yanke wa aljihu a layin tikitinta. A nuna mini tashar da ta kafa irin wannan tarihi a Landan ko Alƙahira.

Dubi maƙwabciyarta kuwa, tashar Kubwa ta jirgin Kaduna, wadda ta fara aiki tun 2016. Ta zubar da girmanta ƙasa warwas: mutane da jakunkuna, rububin tikiti, yara na kuka, jirgi na ta busa. Abin da ɗaukar fasinja ke jawo wa tasha ke nan.

Sai annobar korona ta sauka a 2020, aka ce kowa ya shiga kulle. A watan Maris jirgin birni ya tsaya. Bayan 'yan watanni aka buɗe kasuwanni, aka buɗe masallatai da coci-coci, jiragen sama suka tashi, jirgin Kaduna ya koma aiki, yara suka koma makaranta, duniya ta cire takunkumi ta manta. Jirgin birnin Abuja shi kaɗai ya riƙe amanar likitoci, ya ci gaba da kulle har shekara huɗu. Ban san dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta aiko masa da lambar yabo ba. Ita Gbazango ma ta fi kowa lada, domin ta rufe tun ba ta buɗe ba.

Kada a ce duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya amfana da layin. An samu. Wasu bayin Allah masu aikin dare sun lura cewa ga wayoyi kwance a gefen dogo ba mai amfani da su, suka ga bai kamata dukiya ta lalace ba, suka taimaka suka kwashe. Su ne kwastomomin farko na gaskiya, kuma ba su taɓa ƙorafin rashin hanyar mota ba. Da Nyesom Wike ya zama ministan birnin a 2023, ya zagaya ya ga abin da ya rage, sai aka sake fitar da kuɗi domin gyara. A wasu ƙasashe sai abu ya tsufa da aiki ake gyara shi. Mu mun wuce nan, muna gyara abin da ya tsufa da hutu.

Ranar 29 ga Mayun 2024 aka sake shimfiɗa jar darduma. Shugaba Tinubu ya zo, ya shiga tarago, aka kai shi filin jirgin sama, sak yadda aka yi wa na gabansa. Layi ɗaya, biki biyu, shugabanni biyar tun daga sa hannu, shekara 17. A wannan karon an yi hanyoyin shiga tashoshi, kuma jirgi ya fara isa Gbazango. An kira bikin da sunan fara jigilar kasuwanci, kuma a wurin aka sanar cewa kasuwancin kyauta ne: minista ya ce wata biyu, shugaba ya ce a kai ƙarshen shekara. Jama'a kuwa, da yake ba su da kara, sai suka fito suka hau. Shekara guda ke nan da cire tallafin fetur, kuɗin mota ya ninka, albashi yana inda yake. Fitowar tasu ta so ta kunyata masu cewa dama can ba a buƙatar jirgin, amma aka yi maganin abin cikin ruwan sanyi: aka tsara zirga-zirgar yini yadda yatsun hannu za su ishe ka ƙirgawa.

Wannan tsari tarbiyya ce zalla. A birane marasa kunya, in jirgi ya wuce ka, kafin ka gama tsaki wani ya iso, shi ya sa mutanensu suka sangarce. A nan kuwa in ya wuce ka, ka sami lokacin yin istigfari. Ka ƙaddara ga akawu ya shigo ofis hantsi ya dubi ludayi, takalmi duk ƙura.

"Malam, sai yanzu?"

"Ranka ya daɗe, jirgin farko ne ya tafi ya bar ni."

"To na bayansa fa?"

"Shi ne ya kawo ni, yallaɓai."

Ga kuma ilimi kyauta. Babban titin Kubwa miƙewa yake yi ya wuce Gwarinpa ya faɗa gari, abin da ba ya ƙara wa matafiyi sanin komai. Jirgi kuwa sai ya bi da kai Kagini, ya nuna maka Dei-Dei, ya gaishe da Gwagwa, ya isa Idu, daga nan a juya ta Wupa da Kukwaba har guda biyu da filin wasa, kafin a sauke ka a tsakiyar gari. Can ma ba za a kai ka ƙofar Sakatariya ba, don kada ƙafarka ta mutu. Ko ka taka, ko ka tari tasi. A farkon tafiyar kuma, in gidanka na Byazhin ko can cikin Kubwa, sai ɗan acaɓa ya kai ka tasha. Ka ga ko da jirgi kyauta ne, kuɗin abin hawa biyu. Kowa ya samu, babu wanda aka tauye.

Wannan ma ita ce babbar falalar tashar, wadda maƙiya ba sa faɗa: ba ta taɓa cire wa kowa abinci a baki ba. Je ka bakin titin Kubwa bayan sallar asuba ka ga arziki. Mutane jere a gefen kwalta, mata da jakar hannu a ƙirji, maza da takardu a hammata, kowa ya miƙa hannu. Mota ta rage gudu, a yi kanta, mai ƙarfi ya shige, huɗu a baya biyu a gaba, na tsakiya yana ɗaga cinya duk lokacin da direba zai sa giya. Wata mai juna biyu ta ja baya ta jira ta gaba. Kowa na leƙa fuskokin na ciki kafin ya shiga, yana addu'ar kada ya faɗa hannun 'yan wan-cans, ɓarayin da ke shiga rigar masu motar haya, waɗanda su ma iyali gare su. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, an kori ƙananan bas-bas a 2013, duk kafin jirgi ya motsa, domin mutane su koyi dogaro da kai. Da a ce Gbazango na kwasar dubban mutane duk bayan minti goma, ina direbobin nan za su sa kansu? Wa zai sayi ruwan leda da gyaɗa a cikin cunkoso?

Mutanen Nyanya da Mararaba da Masaka, waɗanda suka fi kowa yawa a hanya kuma suka fi kowa daɗewa a cikinta, na ji kuna guna-guni wai ko sandar dogo ɗaya ba a kai muku ba. Ku kwantar da hankalinku, ba a manta da ku ba. Rancen nan na Gwamnatin Tarayya ne, da dala aka karɓa, da dala ake biya, kuma kuna ciki dumu-dumu. Ba ku kaɗai ba ma, har manomin Gumel da masuncin Argungu da ba su taɓa jin sunan Gbazango ba, kowa na da kamasho a cikin biyan. Haɗin kan ƙasa ya wuce haka?

Roƙona ga mahukunta shi ne kada su saurari masu zuga. Za su zo muku da daɗin baki, su ce a ƙara yawan jirage, a sa motocin da za su riƙa kwaso mutane daga unguwanni zuwa tasha, a ja layi zuwa Nyanya. Kada ku yarda. In kuka yi haka tashar za ta cika da talakawa, fenti zai goge, benci zai karye, kuma mu saba da ita har mu daina ganin girmanta. Ku bar ta yadda take, in da hali ma a sake ba ta hutu na 'yan shekaru. Shugaba mai zuwa shi ma ɗan ƙasa ne, yana da haƙƙin ya sami abin da zai ƙaddamar.